Kurumta da Hajijiya a Garwa da Arewacin Kamaru: Nazari kan Cututtukan Kunnen Ciki da Buƙatar Gwajin Ji Kafin Sallama daga Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da binciken likitanci ya gano game da lalacewar kunnen ciki, wadda ke haddasa kurumta da hajijiya, tare da auna shi da yanayin Garwa da sauran sassan arewacin Kamaru. An dogara ne da sakamakon binciken da aka riga aka wallafa da kuma rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nazarin ya nuna cewa sanƙarau da wasu magungunan allura su ne kan gaba wajen lalata kunnen ciki a irin wannan yanki, kuma galibi ɓarnar tana aukuwa ne a lokacin da mara lafiya yake hannun ma'aikatan lafiya ko jim kaɗan bayan haka. Saboda haka maƙalar ta tsaya a kan cewa bai kamata a sallami wanda ya tashi daga sanƙarau ba sai an gwada jinsa.

Muhimman kalmomi: kunnen ciki, kurumta, hajijiya, sanƙarau, Garwa

1.0 Gabatarwa

A rahotonta na shekarar 2021 kan ji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar taimakon masana. Rahoton ya ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi shafar Garwa, babban birnin Yankin Arewa da ke bakin Kogin Binuwai. Garin yana cikin zirin ƙasashen sanƙarau wanda likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya siffanta a 1963, zirin da ya taso daga Sanagal ya dangana da Habasha. Daga watan Disamba zuwa saukar damina, ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, suna busar da hanci da maƙogwaro, su sauƙaƙa wa ƙwayar cutar shiga jini.

2.0 Yadda kunnen ciki yake aiki

Kunnen ciki yana cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku na kunnen tsakiya. Yana da ɓangare biyu da ke haɗe da ruwa ɗaya. Na farko bututu ne da ya naɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000 waɗanda ke mayar da motsin sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A jikin ɗan Adam, idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tohuwa. Na biyu shi ne ma'aunin daidaito: bututu uku masu lanƙwasa da ke sanin juyawar kai, da jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu da ke sanin karkatarsa. Wannan maƙwabtaka ce ta sa cuta ɗaya take iya ɗauke wa mutum ji, ta kuma hana shi tsayuwa daidai. Prosper Ménière ne ya fara bayyana haka a Faris a 1861, lokacin da likitoci ke ɗora laifin hajijiya a kan ƙwaƙwalwa kaɗai.

3.0 Sanƙarau da abin da yake bari

Bincike mafi amfani ga wannan batu a Kamaru shi ne na Ambroise Wonkam da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2013. Sun duba mutum 582 da suka kurumce kafin shekara 15. Kashi 75.1 cikin 100 sun rasa ji tun kafin su fara magana. Abubuwan da suka samu yaro daga waje, wato cututtuka da makamantansu, su ne sanadin kashi 52.6, gado ya ɗauki kashi 14.8, sai kashi 32.6 da ba a gano sanadinsu ba. Sanƙarau shi kaɗai ya ɗauki kashi 34.4. Ke nan kurma ɗaya cikin uku a wannan rukuni an haife shi yana ji, cuta ce ta raba shi da jin. Matsakaicin shekarun da aka tabbatar da kurumtar a asibiti, ga waɗanda suka rasa ji kafin magana, ya haura uku.

Akwai abin lura a nan. Yawancin waɗanda aka duba a makarantun kurame aka same su, shekaru bayan aukuwar abin, kuma tarihin ciwon daga bakin iyaye da tsofaffin takardu ya fito. Yaron ƙauyen da ba a kai shi makaranta ba, da wanda kunne ɗaya kawai ya mutu, ba sa shiga irin wannan lissafi. A ganina adadin ya fi kusa da ragi fiye da ƙari, musamman ga yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa.

Ƙwayar sanƙarau tana kaiwa ga kunnen ciki ta wata siririyar kafa da ta haɗa shi da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Kumburin yana kashe ƙwayoyin ji a kwanakin farko na ciwon, wani lokaci tun kafin a iso asibiti. Bayan haka, a wasu marasa lafiya, ruwan bututun yakan daskare ya fara zama ƙashi cikin 'yan makonni. Da zarar bututun ya toshe, dasa na'urar ji a cikin kunne yakan yi matuƙar wuya. Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta ce a yi cikakken gwajin ji cikin mako huɗu da samun sauƙi.

A ɗakin yara, abin da aka saba gani shi ne zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, yaro ya fara karɓar kunu, uwa ta yi hamdala ta ɗaure kayanta. A gida sai a ga yana tafiya yana tangaɗi, ya ware ƙafafu, da magariba kuma ya riƙa faɗuwa. Sai a ce rashin ƙarfi ne na wanda ya sha jinya. In an kira shi bai waiwayo ba, a ce taurin kai ya koyo. Wani ya tafa hannu a gabansa, ya ƙifta ido saboda ya ga motsin, a ce ai yana ji. Kafin a farga kalmomin da ya iya sun fara zubewa. Tangaɗin nan alama ce ta cewa ma'aunin daidaito ya taɓu, kuma duk yaron da ke yin sa bayan sanƙarau ya cancanci a duba jinsa da gaggawa.

Rigakafi ya rage wannan masifa ƙwarai. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a faɗin zirin, ta kashe kimanin 25,000. An fara ba da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamba 2010, ta iso yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2011, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Sai dai jinsi ɗaya take karewa, wato jinsin A. Tun a 2009 Denis Massenet da abokan aikinsa na reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa suka ba da rahoton cewa jinsin W135 ne ke yawo a arewacin Kamaru a 2007 da 2008. Ga kuma sanƙarau na ƙwayar nimoniya, wanda ya fi kowane ɓarna ga kunne. Nijeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare jinsi biyar a 2024, kuma tsakanin Garwa da Yola zirga-zirgar 'yan kasuwa da dangi ba ta yankewa.

4.0 Magungunan da ke cutar da kunne

Dangin allurar jentamaisin suna da araha, suna kuma ceton rai, musamman ga jarirai masu cutar jini. Amma suna taruwa a ruwan kunnen ciki su daɗe. Jentamaisin da sitiraftomaisin sun fi kama ma'aunin daidaito, har mutum ya ga duniya na rawa idan yana tafiya. Kanamaisin da amikasin sun fi kama ji, kuma da siririyar murya suke farawa, don haka mara lafiya ba ya lura sai ɓarnar ta kai ga sautin magana. Haɗarin yana ƙaruwa idan ƙoda ta raunana ko ruwan jiki ya yi ƙaranci, abin da ba baƙo ba ne a bazarar Garwa. A binciken Christopher Kuaban da abokan aikinsa na 2015 kan masu tarin fuka mai bijire wa magani a Kamaru, an warkar da mafi yawan marasa lafiya, amma babbar illar da aka gani ita ce raunin ji. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga jerin magungunan wannan ciwo, ta fifita na haɗiya.

Kwinin ya fi sauƙi. Ƙarar kunne da toshewar da yake kawowa yawanci suna wucewa idan an daina sha. Abin damuwa shi ne allurar da ake yi a kemis ko a gida ba awon nauyi, ba sanin halin ƙoda, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba. Hayaniya ma tana da nata kason: ma'aikatan masana'antun auduga na Sodecoton, da masu injin niƙa, da masu walda, duk suna cikin sana'o'in da ƙa'idar kiwon lafiyar ma'aikata ta ce a toshe kunne idan ƙara ta kai desibel 85 na tsawon awa takwas.

Game da gado, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa sauyin GJB2, wanda ya fi haddasa kurumtar gado a Turai kuma ya yi fice a ƙauyen Adamorobe na Gana, bai taka rawar kirki ba a Kamaru. Gwajin da aka tsara don Turawa ba zai amsa tambayar iyalan da ke auren zumunci a nan ba.

5.0 Hajijiya

“Jiri nake ji” koke ne da ke ɗauke da cututtuka da yawa: ƙarancin jini, ƙishirwa, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, yunwa. Sau da yawa ana sallamar mai shi da maganin ƙarin jini ko ledar ruwa. Tambayoyi uku suna raba hanya: ɗakin ne ke juyawa? Tsawon wane lokaci yake ɗauka? Me ke tayar da shi?

Idan hajijiyar tana zuwa ne lokacin juyi a kan gado, ko ɗagowa daga ruku'u da sujada, ta kuma lafa kafin minti ɗaya, to galibi duwatsun nan ne suka ɓalle suka faɗa ɗaya daga cikin bututun uku. Wannan shi ne ciwon hajijiya mafi yawa da ke fitowa daga kunne. Gwajinsa, wanda Margaret Dix da Charles Hallpike suka siffanta a 1952, ba ya buƙatar na'ura. A zaunar da mara lafiya a gado, a juya kansa digiri 45 zuwa gefe, a kwantar da shi rigingine da sauri kansa ya ɗan rataya. Bayan 'yan daƙiƙoƙi idanunsa za su fara fizga, ya damƙe hannun mai gwajin yana salati. Maganin ma a kan gadon yake, bisa dabarar da John Epley ya wallafa a 1992: a juya kan zuwa ɗaya gefen, a mirgina shi ya kwanta a kafaɗa yana kallon ƙasa, sannan a tayar da shi zaune, ana jinkirta kamar rabin minti a kowane mataki. Duwatsun sai su koma mazauninsu. Mutane da dama suna warkewa a zama ɗaya ko biyu, ba ƙwaya ba allura. Abin takaici ne a ce dattijuwa ta koma sallar zaune wata da watanni saboda ciwon da ma'aikacin jinya zai iya kawarwa cikin minti goma.

Cutar Ménière dabam take: hajijiya ta minti 20 zuwa awanni, tare da ƙarar kunne da ji mai zuwa yana komawa. Hajijiyar da ba ta lafawa kuwa, musamman ga mai hawan jini, idan ta zo da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko gani biyu, ko kasa tsayuwa, ana ɗaukar ta a matsayin shanyewar ɓarin jiki har sai an tabbatar da akasin haka.

6.0 Abin da ya kamata a yi a Garwa

Garwa tana da abin da ake buƙata don fara wannan aiki: asibitin yanki, da ɗakin gwajin Cibiyar Pasteur mai tantance jinsin ƙwayar cuta, da tsangayar likitanci ta Jami'ar Garwa, jami'ar da aka kafa a 2022. Na'urar da ke auna amsa-kuwwar kunnen ciki, bisa abin da David Kemp ya gano a 1978, ana riƙe ta a hannu, tana gama aiki cikin 'yan mintuna, kuma ba ta buƙatar yaro ya ce komai. Ga manya, manhajar hearWHO ta 2019 tana gwada ji ta hanyar karanto lambobi cikin hayaniya. Da Ingilishi aka ƙaddamar da ita, don haka tsara irinta da Fulatanci da Hausa aiki ne da ya dace da ɗaliban digiri na biyu.

Binciken da ya fi cancanta a fara da shi mai sauƙi ne: a bi duk yaron da aka tabbatar yana da sanƙarau tun daga ranar kwantar da shi, a rubuta jinsin ƙwayar da magungunan da aka ba shi, a gwada jinsa da tafiyarsa ranar sallama da bayan mako huɗu da bayan wata shida. Wanda aka samu da kurumta a sanar da iyayensa a fili, a haɗa shi da na'urar ƙara ji ko masu koyar da maganar hannu tun harshensa bai gama ɓacewa ba. Kirana ga shugabannin asibitocin Garwa da Marwa da Gaundare shi ne su sa gurbin gwajin ji a takardar sallama kafin shigowar hunturu mai zuwa, kuma kada likita ya sa hannu gurbin yana fanko.