Ɗinkin jijiyar jini ta hannu: me ya sa ake gaggawa?

Babbar jijiya guda ce ke sauko da jini daga kafaɗa. A gwiwar hannu take rabuwa biyu, ɗaya ta bi gefen babban yatsa, ɗaya gefen ƙaramin. Saran adda, haɗarin kabu-kabu, ko karayar gwiwar yaron da ya faɗo daga icce, duk suna iya tsinka ta.

Alamominta: hannu ya yi sanyi, ya koɗe, ya mace, ba a jin bugun jini a wuyan hannu.

Likitan tiyata kan ɗinke jijiyar. In ta lalace da yawa, sai ya ciro wata daga ƙafar mutum ya yi mata maho. To amma in naman hannu ya wuce awa 6 babu jini, ya fara mutuwa ke nan, har ta kai ga yankewa.

Don haka jama'ar Magarya da Dungas, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, kar a zuba ƙasa, kar a tsaya wajen ɗori. A nufi asibiti, ko da za a tura ku Damagaram. Ƴan'uwa na nesa, kuɗin mota ku fara aikowa.