Iyakar Madarumfa daga sama: hoto, taswira da sunan wuri

Tsaron ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina tsohuwar magana ce. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Haɓe suka baro Katsina bayan jihadi suka kafa mulki a Maraɗi, dajin da ya raba ƙasashen biyu ya zama hanyar hari da wurin ɓuya. A wancan zamani sarki yana tsare ƙasarsa da ganuwa, da dawaki, da labarin da mafarauta da fatake suke kawowa. Labarin kuwa da sunaye yake zuwa: rafi kaza, tunga kaza, rijiyar wane.

Iyakar da ta ratsa kudancin Madarumfa a yau Turawa suka shata ta. Faransa da Ingila sun yi yarjejeniya a kanta a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, kowace tana gyara wadda ta gabace ta. Daga nan ayarin Kyaftin Tilho da na Manjo O'Shee suka bi ƙasar daga kogin Kwara har tafkin Cadi, suna auna matsayin garuruwa ta duban taurari, suna kafa duwatsun iyaka, guda 148. Ya kamata masu nazarin harshe su lura da cewa a cikin ayarin akwai tafinta, Landeroin, wanda shi da Tilho suka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. Ke nan tun a lokacin an gane cewa awo kaɗai ba ya yin taswira, sai an tambayi mutanen wuri sunan garinsu. Sai dai abin da kunne ya ji, da rubutun Faransanci aka sa shi a takarda, kuma haka ya zauna.

A shekarun 1950 hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan yankin daga jirgin sama, da su aka zana taswirori masu ma'aunin 1/200 000. Daga 1960 zuwa 1972 taurarin ɗan Adam na leƙen asiri na Amurka, waɗanda ake kira Corona, suna ɗaukar hoton duniya a ɓoye, ba a buɗe ajiyarsu ba sai 1995. Wanda ya fara amfanar ƙasashen Sahel a fili shi ne Landsat na 1972, a tsakiyar babban fari. Ba ya rarrabe abin da bai kai kimanin mita 80 ba, kuma sai bayan kwana 18 yake komowa kan wuri guda, saboda haka amfaninsa ya tsaya ga ciyawa, da ruwa, da gonaki, aikin da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta sa gaba tun kafuwarta a 1974. SPOT na Faransa, a 1986, ya kai mita 10. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 a 2011, mai ganin abin da ya kai mita biyu da rabi.

Maganar tsaro ta komo gaba ne da ɓarkewar ta'asar ƴan bindiga a Zamfara, da Katsina, da Sakkwato. A 2019 dubban mutane suka tsallako zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka kai ƙauyukan Gabi, da Ɗan Isa, da Safo, da Sarkin Yamma. Dajin Babban Rafi, wanda ke kan iyaka, ya sake zama abin da kakanni suka san shi da shi. A ƙarshen 2024 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha a kan sayen taurari uku: na sadarwa, da na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada.

Abin da irin wannan na'ura take iyawa yana da yawa, amma yana da iyaka. Tana nuna gonar da aka daina nomawa, da ƙauyen da aka ƙone, da sabuwar hanyar babura a cikin daji, idan aka gwada hoton bana da na bara. Gajimaren damina da ƙurar hunturu suna rufe mata ido, dalilin neman rada ke nan, don ita girgije ba ya tare ta. Amma ko hoton ya fito tangaram, bukkoki goma a gindin itatuwa bukkoki goma ne. Ba ya faɗin ko rugar makiyaya ce ko sansanin ɓarayi, kuma kuskure a nan ran mutane ne.

A nan aikin ya shafi harshe. Hoto lambobi yake bayarwa, manomin da aka kore wa shanu kuwa suna yake bayarwa, kuma dole jandarma ya haɗa biyun cikin gaggawa. To, taswira tana rubuta Madarounfa, Dan Issa, Djirataoua, Goulbi N'Maradi, alhali baki yana cewa Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gulbin Maraɗi. Ƙugiyar ɗ da ƙ ta ɓace, nannauyan baƙi ya zama sassauƙa, har Babban Rafi ya koma Baban Rafi, kamar rafin ne yake da uba. A ƙetaren iyaka kuma rubutun Ingilishi aka bi, Jibiya ta zama Jibia. Bugu da ƙari, sunaye irin su Sabon Gari da Tudun Wada suna maimaituwa a gunduma guda, tungayen da aka kafa bayan shekarun 1950 kuwa da dama ba su cikin tsohuwar taswira sam.

Akwai kuma ma'anar da ke cikin kalmar farko ta suna. Gidan wane, garin wane, tungar wane, rugar wane, zangon wane: kowace tana faɗin irin zaman da ake yi a wurin, na noma ne, ko na kiwo, ko na ƴan kwanaki. Wannan shi ne bayanin da mai fassara hoto ya fi bukata, kuma yana bakin mai gari da dattawa.

Ƙa'idar rubutu ba ita ce matsala ba. Taron Bamako na 1966 ya aza tubalinta, Nijar ta tabbatar da tata a hukumance a 1999. Abin da ya rage shi ne kundin sunayen wurare na gundumar Madarumfa, ƙauye bayan ƙauye, mai ɗauke da rubutun Hausa, da rubutun taswira, da lambobin matsayi, da sunan da Fulani ko Buzaye suke kiran wurin idan ya bambanta. Malaman yaƙi da jahilci, da yake suna zaune a ƙauyukan kuma sun san ƙa'idar, su ne suka fi dacewa da tattara shi.