Ambaliya da Kifi: Robin Welcomme da Batun Dam ɗin Gurara

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama wurin masu tsara ayyukan ruwa a Arewa, cewa duk inda aka tare gulbi kifi ƙaruwa yake yi, in ma an samu naƙasu, zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa zai cike gurbin. Da irin wannan magana ake kwantar wa masunta hankali, kuma da ita za a iya kare dam ɗin Gurara na kudancin Kaduna, wanda ake jan ruwansa zuwa Abuja. Ire-iren kifayenmu an daɗe da tantance su (Reed da abokan aikinsa, 1967), ba sai an maimaita ba. Inda gardama take shi ne abin da ke haifar da kifin, kuma a nan ra'ayin ya ci karo da aikin Robin Welcomme, Baturen Ingila da ya fara bincike a Jinja ta Uganda, ya koma gulbin Ouémé na Dahomey, sannan ya yi shekaru a hukumar FAO a birnin Rum.

Jigon littafinsa na 1979 a kan gulabe masu fadama shi ne, yawan kifin da ake kamawa bana yana bin girman ambaliyar bara ko ta bara waccan. Idan ruwa ya malala fadama, ciyawa da kashin shanu sukan ruɓe su zama abinci, kifi ya biyo ya zuba ƙwai, 'ya'yan su ɓuya cikin ciyawa har su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Sarkawa sun san haka tun kaka da kakanni. Abin da Welcomme ya ƙara shi ne lissafi daga gulabe da dama na Afirka, wanda ya mai da sanin masunta hujjar da injiniya ba zai ture cikin sauƙi ba.

Mai jayayya zai kawo Kainji, kuma ya kamata a saurare shi. Bayan kammala dam ɗin a 1968 kamun kifi ya haura, har aka ƙiyasta kimanin tan 28,000 a wajajen 1971, faliya ta cika kasuwa. Zai ce ga tafki ya ba da abin da gulbi bai taɓa bayarwa ba. Sai dai cikar tafki karon farko ita kanta ambaliya ce, babba, wadda ta nutsar da daji da gonaki a lokaci guda, kuma ba ta maimaituwa. Da abincin ya ƙare, kamun ya faɗi warwas kafin ƙarshen shekarun 1970. Zai sake cewa yawan masunta da ƙananan idon koma ne suka jawo faɗuwar. Akwai gaskiya a ciki, amma ko an yarda da hakan, lissafinsa na tafki ne kaɗai, bai ƙirga waɗanda ke ƙasan dam ba. W. M. Adams (1985) ya bi gulbin Sakkwato bayan gina dam ɗin Bakolori, ya nuna yadda kamun kifi da noman fadama suka ja baya a ƙauyukan da ambaliya ta daina kaiwa.

Duk da haka, kada a ɗora wa Welcomme kayan da ya fi ƙarfin hujjarsa. Alƙalumansa daga manyan gulabe masu shimfiɗaɗɗiyar fadama suka fito, alhali rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, ko wanda ke zubowa a Matsirga kusa da Kafanchan, masu gudu ne a kan dutse, fadamarsu 'yar siririya. Ko a Gurara, gangaren ruwan da ke jihar Neja shinge ne tun fil'azal, da wuya kifin kogin Kwara ya haura shi, don haka zargin cewa dam ya tare masa hanya ba shi da ƙarfi. Abin da ya rage, kuma ina ganin ba ƙarami ba ne, shi ne ruwan da ake riƙewa ko karkatarwa da damina. Wanda ke son kare dam ɗin sai ya auna faɗin fadamar da ruwa ke rufewa ƙasa da shi a Agusta da Satumba, ya gwada da kamun masunta na shekarar da ke biye, shekara bayan shekara.