Polly Hill da Rumbunan Batagarawa

A shekarar 1967, lokacin da hankalin Najeriya ya karkata ga yaƙin basasa, wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta sauka a Batagarawa, gari da ke kudu da birnin Katsina, mai mutane wajen 1,400 a lokacin. An haife ta a 1914 cikin gidan ilimi: mahaifinta A. V. Hill ya karɓi lambar Nobel, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda gwamnatocin Turai suka daɗe suna bin koyarwarsa kan tattalin arziki. Ta yi karatun wannan fanni a Jami'ar Cambridge, ta yi aikin gwamnati a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1954 ta koma Gana. A can ta bi manoman koko gona-gona, har ta nuna a littafinta na 1963 cewa manoman da suka yi ƙaura suka sayi filaye da kuɗinsu su ne suka kafa arzikin koko na ƙasar.

Ra'ayin da ya yi rinjaye a wancan zamani shi ne cewa mutanen ƙauyen Afirka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kowa na noma abin da zai ci, babu mai kuɗi balle matalauci. Hill ba ta yarda da wannan ba, don haka ta auna gonaki, ta ƙidaya gidajen noma 171, sannan ta nemi wasu mutanen garin da suka san kowa su kasa magidanta gwargwadon halin da suke shiga a watannin da hatsi ke yankewa kafin kaka. Kashi huɗu suka fito: masu wadatar da har suke tallafa wa wasu, waɗanda suka tsira ba su wahala ba, masu ɗan jigata, da waɗanda yunwa ke kayarwa kowace damina.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ta bayyana dalilin wannan rabuwa, domin ba ƙarancin fili ba ne, tun da akwai daji a kusa. Talaka yakan sayar da gero da dawa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, don ya biya haraji da bashi. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu. Idan damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, sai talakan ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wanda ya sayi hatsinsa, domin ya samu na cefane. Gonarsa ta rasa taki, ta rasa noma a kan kari, amfanin ya ragu, daga nan sai jingina, wani lokaci har sayarwa. Haka ta kai ga hukuncin da ya girgiza masana, cewa akwai manomin da talauci ke hana shi noma. Ta kuma lura cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu hali, inda uba ke da abin da zai riƙe 'ya'yansa da shi. 

Ta gano wani abu kuma da ƙididdigar gwamnati ba ta taɓa gani ba. Matan kulle na gudanar da kasuwa a bayan katanga, suna sayar da hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci ta hannun yara masu talla, farashi kuma na yawo gida-gida kamar a kasuwar fili. Sakamakon wannan aiki ya fito a 1972 cikin littafin Rural Hausa.

Daga Katsina ta koma Dorayi, kusa da Kano, inda cunkoson jama'a ya sa fili ya yi tsada, ta wallafa binciken a 1977. Bayan ta kwatanta ƙasar Hausa da ƙauyukan Karnataka a Indiya, sai a 1986 ta fitar da Development Economics on Trial, inda ta tuhumi masana tattalin arzikin raya ƙasa da gina tsare-tsare a kan alƙaluman da ba su da tushe, da kuma ɗaukar duk mutanen karkara a matsayin aji ɗaya. Masana ilimin al'umma da na tarihi sun karɓi aikinta hannu bibbiyu, amma yawancin waɗanda ta tuhuma ba su sauya hanya ba. Ta rasu a watan Agustan 2005, tana da shekara 91.