Idan Aka Soke Tsere, Ina Gudun Yake Zuwa?

A damanar 2024, bayan ɓarnar da ruwa ya yi a Maraɗi da kewaye, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga ranar 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma an tsugunar da mutanen da ambaliya ta raba da gidajensu a ciki. A cikin waɗannan makonni wani dattijo ya tare ni a bakin kasuwa a nan Gabi, muka gaisa, ya ce: "Mushe, yaron nan ya ƙare hutunsa yana bitar darasi da ƴar fitila, ga shi an ce a zauna gida. Ni me zan ce masa?" Na ce masa a yi haƙuri, shi ma ya san ba amsa na ba shi ba.

Tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Daga baya na ga cewa akwai mutanen da suka sha fuskantar irinta, kuma tarihi ya ajiye abin da suka yi. Su ne masu gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan rabin tafiyar Maraɗi zuwa Katsina. An fara shi a wasannin Olamfik na birnin Atina a 1896, tsawon da ake amfani da shi yau kuma ya samo asali ne daga wasannin Landan na 1908. Ba gudu ba ne da mutum zai tashi da safe ya ce bari in gwada. Ana shafe wata huɗu ko biyar ana shiri, ana sammako, ana kula da abinci da barci, duk domin rana guda. Kamar manomi ne da ya yi shara, ya kai taki, ya gyara iri, yana jiran ruwan shuka. To, me ke faruwa idan ranar ta zo aka ce babu?

A ranar 29 ga Oktoban 2012 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Sandy ta faɗa wa birnin New York na Amurka. Ruwan teku ya shiga unguwanni, wuta ta ɗauke, mutane fiye da 40 suka mutu a birnin. Kimanin rabinsu a tsibirin Staten Island suke, kuma daga wannan tsibiri ne ake tashin tseren birnin duk shekara. An shirya yin na wannan shekara ranar Lahadi 4 ga Nuwamba, ana sa ran mutane kusan 47,000, dubbai daga cikinsu baƙi daga wasu ƙasashe.

Da farko magajin gari, Michael Bloomberg, ya ce za a yi tseren. Yana da hujja: tun da aka fara shi a 1970 ba a taɓa fasawa ba, ko a 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, sai da aka yi. Amma jama'a suka yi ca. Jaridu suka buga hotunan manyan injinan wuta da aka ajiye domin tseren, alhali unguwanni na kwana cikin duhu da sanyi. Da yammacin Juma'a 2 ga Nuwamba aka ba da sanarwar sokewa. A lokacin baƙi da yawa sun riga sun sauka, sun biya kuɗin jirgi da na masauki. Sun ji haushi, kuma suna da gaskiya: da an faɗa tun ranar Talata, da kuɗinsu na aljihunsu.

Abin da ya faru ranar Lahadin shi ya sa har yau ake tuna shekarar. Tun da safe dubban mutane suka cika babban lambun birnin, Central Park, suka shiga zagaya shi, ba alƙali, ba agogon hukuma, ba lambar yabo. Mutanen gari suka kawo musu ruwa da hannunsu. Wani abin sha'awa, a cikin wannan lambu aka yi tseren farko a 1970, inda mutum 127 suka tashi, 55 suka kai ƙarshe. Ba tare da an shirya ba, tseren ya koma inda aka haife shi.

Wasu ɗaruruwa kuma suka ɗauki wata hanya. Suka sa rigunan tseren, suka goya jakunkuna cike da abinci, batura, fitilu da tufafi, suka hau jirgin fito zuwa Staten Island. Suka ruga cikin unguwannin da ruwa ya ɗaiɗaita suna raba kaya, suna taya mutane kwashe laka daga ɗakuna. Ƙafar da aka horar wata biyar domin lambar yabo, ga ta ta yi aikin gayya.

Manyan ƴan tsere, waɗanda gudun ne abincinsu, nasu jira ne. Geoffrey Mutai na Kenya ya ci tseren New York a 2011. Shekarar 2012 ta wuce babu tsere. Da aka dawo a 2013 shi ya sake cinyewa, kuma a wannan shekara mutane fiye da 50,000 suka kai ƙarshe, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Su ma masu shirya gasar sun gyara kuskurensu: sun ba waɗanda suka yi rajistar 2012 zaɓi, ko a mayar musu da kuɗinsu, ko a ajiye musu gurbi a ɗaya daga cikin shekaru uku masu zuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya yi daɗi fiye da kima. Akwai wani da ya fi kusa da mu, wanda ƙasarmu ma tana ciki, kuma ya fi ɗaci.

A watan Yunin 1976 ƴan sandan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka buɗe wuta a kan ɗalibai a Soweto. Ɗaliban sun fito ne saboda an tilasta musu karatu da harshen Afirkans. A daidai wannan lokaci ƙungiyar zari-ruga ta New Zealand ta je wasa ƙasar. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana New Zealand shiga wasannin Olamfik na Montreal a Kanada, kwamitin Olamfik ya ƙi. Ana gab da buɗe wasanni ranar 17 ga Yuli, ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye, har da Nijar da Nijeriya. Shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin ɗan Nijeriya ne, Abraham Ordia. Ƴan wasa da yawa sun riga sun isa masauki a Montreal, aka ce su naɗe kayansu. A nan ba tseren aka soke ba. An yi shi, su ne dai ba su ciki, wanda ya fi zafi.

Duniya na jiran karawar Filbert Bayi na Tanzaniya da John Walker na New Zealand a gudun mita 1,500. A 1974 Bayi ya doke Walker, ya kuma kafa tarihin duniya. A Montreal Walker ya ɗauki zinare, Bayi yana gida. Bai bar gudu ba. Ya koma gudun mita 3,000 mai tsallake shingaye da ramin ruwa, ya samu azurfa a Mosko a 1980. Miruts Yifter na Habasha shi ma ya jira shekara huɗu, ya je Mosko ya kwashe zinare biyu, a mita 5,000 da 10,000, yana tsere da yaran da ya girme musu nesa ba kusa ba.

Sai Henry Rono na Kenya. Montreal ta wuce shi. A 1978, cikin kwana 81 kacal, ya kafa tarihin duniya a gudu huɗu daban-daban: mita 3,000, mita 5,000, mita 10,000 da mai tsallake shingaye. Babu wanda ke shakkar zinare na jiransa a 1980. Sai Kenya ta bi sahun Amurka ta ƙaurace wa wasannin Mosko, kamar yadda Nijar ma ba ta je ba. Rono bai taɓa yin tsere a Olamfik ba. Ya faɗa shan giya, ya yi zaman rashin muhalli a Amurka, kafin daga baya ya farfaɗo ya zama malamin makaranta da mai horar da yara. Ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024.

Janyewar ba ta tashi a banza ba. A 1977 ƙasashen Kwamanwel suka amince da yarjejeniyar Gleneagles, wadda ta ƙara tsananta ware Afirka ta Kudu a fagen wasanni. Amma waɗanda suka biya kuɗin wannan nasara matasa ne da ba a yi shawara da su ba, kuma ba kowa aka mayar wa da ranarsa ba.

A 2020 annobar korona ta maimaita darasin ga duniya baki ɗaya, lokacin da mu ma aka rufe mana makarantu a watan Maris. Tseren Boston, wanda ake yi tun 1897, aka ɗage shi daga Afrilu zuwa Satumba, daga baya aka soke. A Faransa wani matashi ya yi kilomita 42 ɗin nan a barandar benensa mai tsawon mita 7, yana kai da komo kusan awa bakwai. A Landan aka bar manyan ƴan tsere kaɗai su yi a killace ranar 4 ga Oktoba, sauran jama'a aka ce kowa ya yi nasa inda yake, wayarsa ta auna masa. Kusan mutum 38,000 suka kammala a ranar.

Da na jera waɗannan labarai, abin da na gani shi ne ranar tsere a hannun wasu take, amma ƙarfin da aka tara a jikin mai gudu yake, ba sanarwar da ke ƙwace shi. Sai dai ƙarfin nan yana zubewa idan aka ajiye shi. Mai gudu da ya zauna wata biyu ya san haka, malami ma ya sani: yaron da ya iya rabawa a watan Yuni yakan dawo a Oktoba yana lalube. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka samu inda za su kai ƙarfinsu tun a makon farko, ko lambun birni, ko tsibirin da ruwa ya ci, ko wani sabon nau'in gudu. Kuma kusan dukkansu a cikin jama'a suka yi, ba su kaɗai ba.

Mu a wannan yanki ba baƙin katsewar karatu ba ne. Yau ambaliya, gobe yajin aiki, jibi rashin tsaro ya sa ƙauye ya tashi. Idan hakan ta faru, abu na farko da ke kanmu, malamai da hukuma, shi ne faɗin gaskiya da wuri. Kuskuren New York jan ƙafa ne. Iyaye na iya jure mummunan labari, abin da ke karya su shi ne su sayi littafi da riga, su biya kuɗin mota, sannan su ji a bakin ƙofa.

Na biyu, kada a bar ranar ta wuce fayau. Ba sai da aji ake bita ba. Inuwar dogon yaro, allo ɗaya da yara biyar sun isa. Ɗan aji shida ya zaunar da ƴan aji biyu ya koya musu karatu, shi ma nasa zai zauna daram, kamar yadda mai goyon jaka zuwa Staten Island ya yi gudunsa ya kuma yi taimako. Na uku, mu sa ido a kan wanda ya fi kowa ƙoƙari, domin shi ne abin ya fi yi wa ciwo. Rono ya fi tsaransa gudu, kuma shi ya fi su faɗuwa. A wurinmu sau da yawa yarinya ce: makonni huɗu na zaman gida sun isa a fara maganar aure ko talla, yaro kuma a ce ya bi ƴan uwansa ci-rani. Idan aka buɗe makaranta, malami ya ƙirga kujerun da babu kowa, ya taka har gida.

Dattijon nan, idan muka sake haɗuwa, ga abin da zan ce masa: Baba, kada ka ce wa yaron bai yi asara ba, ya yi, kwana 26 ba wasa ba ne. Ka ce masa abin da ya karanta da fitilar nan yana nan tare da shi. Sa'an nan ka tambaye shi su wa zai tara gobe da safe, kuma a gindin wace bishiya.