AKWATIN REDIYO A GIDAJEN YAKITE: TARIHINSA DA YADDA MAGABATA SUKE ZAƁEN MAI MURYA

Duk wanda ya tashi a Yakite, ko a wata unguwa ta Kilomita Biyar, kafin wayar hannu ta cika aljihun mutane, ya san wata ƙara da takan biyo bayan sallar asuba. Maigida zai dawo daga masallaci, ya zauna a kan buzu, ya jawo akwatin rediyo, ya zaro eriya, ya shiga murɗa allura a hankali. Da farko sai shuuu da fito, sai wani harshe da ba a sani ba ya gifta, can kuma sai muryar Bahaushe ta ɓullo garau daga London, kamar yana zaune a zauren. Daga nan gida yakan yi tsit, har mai dama koko takan sassauta ludayi.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne tambayar wani matashi a kwanakin baya. Yana son saya wa mahaifinsa rediyon ajiyewa a ɗaki, ya zaga kasuwa ya ga iri-iri, masu fitilu da masu allon sola, ya rasa na ɗauka. Na ga amsar tana cikin tarihi, domin iyayenmu sun shafe kusan shekara 60 suna wannan zaɓi, kuma suna da ma'auninsu.

Hausawan wannan gari 'ya'yan fatauci ne. Kakanninmu sun biyo hanyar Adamawa, ta Garwa da Ngaundere, suka gangaro Bouar da Carnot da Berberati, wasu suka zarce bakin kogin Ubangi, inda Faransawa suka kafa Bangui a 1889. Aka zauna a nisan kilomita 5 daga tsakiyar gari, wurin da ya zama babbar kasuwar ƙasar. Tsakanin nan da Kano akwai fiye da kilomita 1,300. A wancan zamani labarin gida a bakin matafiyi yake zuwa, ko a cikin wasiƙar ajami da ta sha gumin hanya. Mutum yakan ji rasuwar ɗan'uwansa bayan an daɗe da yin sadakar arba'in.

Rediyo ne ya gajarta wannan tazara, amma a hankali ya iso. A Kano, tun 1944 Turawan mulkin mallaka suka kafa rediyo mai waya, wanda ake ja wa waya har cikin gida a rataye akwatin lasifika a bango. Ba a sauya masa tasha, abin da aka turo shi za a ji. Irin wannan ba ya ƙetare gari, balle ƙasa. A ranar 13 ga Maris 1957 aka buɗe Sashen Hausa na BBC da shiri na minti 15, wanda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar. A 1958 aka kafa Rediyo Bangui, kafin samun 'yancin kai na 13 ga Agusta 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyon Kaduna. Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007.

Akwatunan farko manya ne, na katako, masu kwalabe a ciki waɗanda sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Suna da tsada da cin wuta, don haka sai a gidan attajiri ko ma'aikacin gwamnati. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙirƙiro tiransista a Amurka a 1947. A 1954 aka fara sayar da rediyo mai amfani da ita, a 1955 kamfanin Sony na Japan ya fito da nasa. Cikin shekarun 1960 da 1970 sai ga Philips da Grundig da National Panasonic da Sharp a kantuna, suna aiki da batura, ba ruwansu da wutar gwamnati. Alhazai suka riƙa dawowa da su daga Makka, fatake suka riƙa shigo da su ta Kamaru. Mata suka ɗinka musu riga, aka ware musu teburi a ɗakin maigida, yaro kuwa bai isa ya taɓa allura ba.

Wanda yake son sanin matsayin wannan akwati a wurin mutanenmu, ya dubi watan Janairu na 1966. A daren shiga sabuwar shekara Kanar Jean-Bédel Bokassa ya kifar da gwamnatin David Dacko, ya yi shelar hakan a Rediyo Bangui. Bayan mako biyu kacal, a ranar 15 ga wata, sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna, suka tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Legas, daga baya aka tsinci gawarsa. Bahaushen Bangui ya ji labarin farko da Faransanci da Sango, ya ji na biyu da harshen uwarsa, duka daga akwati guda. Na farko ya shafi shagonsa da takardunsa da kwanan iyalinsa. Na biyu ya shafi zuciyarsa. Haka aka sake yi a 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala Muhammad, da kuma Satumba 1979 da sojojin Faransa suka kawar da Bokassa suka maido da Dacko. Tun daga lokacin ma'aunin rediyo a unguwarmu ya zama guda: ya iya kawo muryar gari da muryar gida, dukansu a sarari.

Muryar gida tana zuwa ne ta gajeren zango, kuma yana da kyau mai saye ya fahimci dalili. Igiyar gajeren zango tana tashi sama, ta bugi wani rufin iska mai ɗauke da cajin lantarki da ke can ƙololuwar samaniya, ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Hasken rana yana sauya yanayin wannan rufi. Shi ya sa da rana aka fi kama tasha a mita 16 da 19, da dare da asuba kuma a mita 31 da 41 da 49. Dattawanmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma yatsunsu sun haddace shi. Muryar da ake cewa daga London take, sau da yawa daga tsibirin Ascension na tekun Atlantika ake harbo ta, inda BBC ta kafa tashar ƙara ƙarfi a 1966. Jamusawa ma sun kafa tasu a Kigali, Amurkawa kuma a tsibirin Sao Tome. Wani sauƙin da Allah Ya yi mana shi ne agogon Bangui da na Kano ɗaya ne, don haka shirin safe yana riskarmu da safe.

To, yaya suke zaɓe? Abu na farko, sukan ɗaga akwatin su ji nauyinsa. Akwai hikima a nan, domin nauyin yana fitowa ne daga maganaɗisun lasifika da kaurin jikin akwati. Lasifika mai faɗin kamar tafin hannu, a cikin jiki mai kauri, ita ke ba murya cika da ƙirji. Ƙaramar lasifika a cikin robar da ba ta da kauri takan mai da muryar dattijo kamar ta sauro, kuma jikin yakan yi karkarwa idan an ƙara sauti. Na biyu, da magana suke gwadawa, kiɗa sai daga baya. Kiɗa yana ɓoye aibin lasifika, magana tana tona shi. Hausa kuwa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan tsawon wasali da hawa da saukar murya da haruffa masu lanƙwasa. Akwatin da ba zai bari ka bambance kafa da ƙafa ba, ko dauka da ɗauka, bai cancanci kuɗinka ba. Na uku, sukan rage sauti ƙasa-ƙasa su saurara, domin a gida da asuba haka za a ji shi, yara na barci. Na huɗu, sukan kama tasha su bar ta na ɗan lokaci su ga ko za ta zame, ko wata tasha za ta hau kanta. A wannan ciniki ji ne ya kori gani.

Sai zamanin FM ya zo. Igiyarsa ba ta yin tsalle zuwa sama, tana tafiya ne kai tsaye, ba ta wuce 'yan gomman kilomita, amma sautinta tas ne. A ranar 27 ga Maris 2000 aka buɗe Rediyo Ndeke Luka, wato tsuntsun sa'a da harshen Sango, da tallafin gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan, ya gaji rediyon rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta gabace shi. A 2014 aka samu Guira FM ta rundunar MINUSCA. Ba sai an tuna wa mutumin Yakite abin da ya faru daga 5 ga Disamba 2013 ba. Lokacin da Kilomita Biyar ta zama tsibiri, ƙetare gada ya zama sayar da rai, wuta ta ɗauke, cajin waya ya gagara, akwatin mai batura ne ya rage yana faɗin wace hanya ce a buɗe, ina aka kai waɗanda suka tafi Chadi da Kamaru, da abin da duniya ke cewa a kanmu. A cikinsa ne kuma da yawa suka bi ziyarar Fafaroma Francis zuwa babban masallacinmu a ranar 30 ga Nuwamba 2015. Wanda ya ga waɗannan kwanaki ba zai ɗauki rediyo a matsayin kayan ado ba.

Yau kasuwa ta cika da akwatunan ƙasar Sin, waɗanda ke shigowa ta hanyar Duwala da Garwa-Bulai. A cikinsu akwai nagari, akwai na banza, kuma fitilu masu walƙiya ba sa nuna wanne ne wanne. Ga mai son saye, ma'aunin magabata yana nan daram, sai 'yan ƙarin abubuwa da zamani ya kawo. Ya tabbata akwatin yana da FM da gajeren zango duka biyu, kuma zangon an raba shi gida-gida, mita 16 daban, 19 daban, har zuwa 49. Wanda aka cusa dukan gajeren zango a layi guda yana da wuyar saitawa, taɓawa kaɗan sai tasha ta tsere. Ya nemi mai maɓallin daidaita kaurin murya, domin rage kaifi yana kashe rabin shuuu. Ya duba abincinsa: tunda wutar Boali zuwa take tana komawa, gara mai karɓar manyan batura tare da caji, domin baturin ciki yakan mutu bayan 'yan shekaru, kuma ɗan allon solar da ke manne a bayan akwati ba ya cika shi da wuri. Ramin saka memori yana da amfani ga mai son karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya, amma kada wannan ya rufe masa ido daga ainihin aikin rediyo.

Ya kuma sani cewa tsakiyar kasuwa ba wurin yanke hukunci ba ne. Janareta da cajar waya da ƙwan fitila na zamani duka suna zuba ƙara a cikin gajeren zango. Ya roƙi mai kanti ya bar shi ya gwada da batura a waje, a lokacin da ake shirin Hausa, ko su yi sharaɗin mayarwa. A gida ya ajiye shi kusa da taga, nesa da caja. Rufin kwano yana tare igiya, amma 'yar waya mai tsawon mita 5 zuwa 10 da aka ɗaura a eriya aka fitar ta taga takan farfaɗo da tashar da ta suma. Idan hadari ya taso a cire ta, saboda tsawa. Da damina kuma, wadda a nan ta fi rabin shekara, kada a bar batura su kwana watanni a ciki, sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Araha ba ta ado, sai dai kuma tsada ba shaida ba ce. Kunne shi ne alƙali.

Gaskiya ne gajeren zango yana ja da baya. Jamusawa sun rufe tashar Kigali a 2015, kuma a watan Maris na 2025 shirye-shiryen Muryar Amurka suka tsaya bisa umarnin gwamnatin ƙasar. Wani zai ce tunda komai yana cikin waya, mene ne na wahala? Amsar tana cikin gidajenmu. Waya ta mutum ɗaya ce, yakan toshe kunnuwansa ya ji shi kaɗai. Akwatin tebur kuwa na kowa ne. 'Ya'yanmu suna tashi da Sango a titi, da Faransanci a makaranta, kuma duka biyu namu ne, ba mu da ƙasar da ta wuce wannan. Amma Hausar da yawancinsu ke ji ta ciniki da aike ce kawai. Mu da muka girma a gindin rediyo, a can muka tsinci kalmomi irin su majalisa da yarjejeniya da tattalin arziki da tsagaita wuta, ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba. A can muka ji Hausar Sakkwato da ta Damagaram da ta Kumasi a shirin wasiƙu da gaishe-gaishe, muka gane cewa mu reshe ne na babbar bishiya.

Matashin nan ya koma kasuwa da asubar wata Asabar, ya ɗaga akwatuna ya ji nauyinsu, ya rage sauti, ya saurari magana. Wanda ya ɗauko ba shi da fitila ko ɗaya. Ya ce mini yanzu jikoki sukan taru a ɗakin tsohon bayan sallar isha'i, kuma ƙaramar cikinsu ta tambayi kakanta ma'anar kalmar sulhu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu riƙa jin alheri.