Gudun sassarfa ga mai ƙiba: Abin da jiki ke iya ɗauka a makonnin farko

Mutumin da ya shekara goma bai yi gudun da ya wuce na tsallaka titi ba, kuma nauyinsa ya haura kilo 90, yana iya kai wa ga gudun minti 30 ba tsayawa cikin wata biyu zuwa uku. Abin da ya fi kawo masa cikas shi ne abin da yake yi a mako biyun farko. Yakan fita da zafinsa, ya yi gudun da ya fi ƙarfin ƙafafunsa, ƙwauri ko gwiwa su ɗauki ciwo, sai ya jefa takalmin ƙarƙashin gado yana cewa gudu ba na masu jiki ba ne.

Masu irin wannan jiki ƙaruwa suke yi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 890 daga cikinsu kuma sun kai matakin ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, alhali a 2008 kashi 22 ne. Duk da haka, a gidaje da dama har yanzu tumbi shaidar samu ce, kuma magidancin da aka gani yana gudu da sassafe, tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya koro shi.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin da asibitoci suka fi amfani da shi, wato BMI, yana kwatanta nauyi ne da tsawo: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 zai samu 31. Daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuma an shiga ƙiba sosai. Ma'aunin bai bambance tsoka da kitse, shi ya sa ake haɗa shi da igiyar awon tela: idan kewayen ciki a saitin cibiya ya kai rabin tsawon mutum ko ya wuce, kitsen ya taru a inda ya fi haɗari ga zuciya.

Zuciya na riga ƙafa sabawa

Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa, tana karɓar ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Ga mai kilo 100, kwatankwacin kilo 200 zuwa 300 ke nan a kowane taku, kuma kilomita ɗaya na cin taku sama da dubu ga mai sassarfa a hankali.

Sassan jiki ba sa sabawa da wannan aiki lokaci ɗaya. Zuciya da tsoka jini na isa gare su sosai, don haka cikin makonni kaɗan haki ke raguwa. Ƙashi da agara da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi kuwa sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ake yawan jin rauni: numfashi ya nuna wa mutum cewa zai iya ƙarawa, ya ƙara, alhali ƙafar ba ta kai nan ba. Daga nan sai ciwon ƙwauri, ko zogi a gaban gwiwa wajen hawan bene, ko ciwon diddige da ke tsananta a takun farko bayan tashi daga barci. Idan aka ci gaba da takawa a kan ciwon, ƙashin na iya tsagewa.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmark kan sababbin masu gudu, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa masu BMI sama da 30 da suka yi gudun fiye da kilomita uku a makonsu na farko sun fi fuskantar rauni a kan takwarorinsu da suka tsaya ƙasa da haka. Kilomita ukun nan jimillar mako ce gaba ɗaya, kuma tazara ce da mai zumuɗi ke cinyewa a safiya guda.

Sai batun da ake yawan tsorata masu jiki da shi, cewa gudu na cinye gwiwa. A 2017 wasu masana sun tattara bincike-bincike da suka shafi mutum sama da 100,000, suka tarar da amosanin gwiwa ko na ƙugu a jikin kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na waɗanda ba sa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gudun gasa. Alƙaluman ba su tabbatar da cewa gudu ne ya kare gwiwoyin ba, domin mai ciwon gwiwa tun asali ba ya fara gudu. Amma sun raunana zargin da ake yi wa sassarfa. Ita kanta ƙibar ce aka daɗe da sani tana cikin manyan abubuwan da ke lalata guringuntsin gwiwa.

Tsarin mako tara

Tsarin da ya fi shahara ga mai farawa shi ne Couch to 5K, ma'ana daga zaman kujera zuwa gudun kilomita biyar. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya ƙirƙiro shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta rungume shi ta mayar da shi manhajar waya ta kyauta.

Ana fita sau uku a mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya a tsakani. A makon farko mutum zai yi tafiya da sauri ta minti biyar don jiki ya ɗumama, sannan ya riƙa yin sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti ɗaya da rabi, yana maimaitawa har minti 20. Gudun da ke ciki duka minti takwas ne. A mako na biyu sassarfar ta koma minti ɗaya da rabi, tafiyar minti biyu. A ƙarshen mako na biyar ake fara gudun minti 20 a jere, a na tara kuma minti 30. Sunan tsarin na ɗan ruɗarwa, domin masu farawa da yawa ba sa cin kilomita biyar cikin minti 30, kuma ba a buƙatar su ci.

Ga wanda nauyinsa ya yi yawa ƙwarai, ko wanda tafiyar minti 30 ke sa shi haki, makon farkon ma ya yi masa tsauri. Shi da tafiya zai soma, minti 10 zuwa 15 a rana, yana ƙarawa har ya iya rabin awa da sauri ba tare da ya galabaita ba. Hakan na iya cin wata guda ko fiye. Maimaita mako sau biyu ko uku ba laifi ba ne, tsallake mako ne ke da haɗari.

Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya faɗin cikakkiyar jimla yana cikin gudu. Idan kalma ɗaya-ɗaya ke fita, ya yi sauri. Gajeren taku ya fi dogo sauƙi ga gwiwa. Ciwon tsoka da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki, ya kama ƙafafu biyu, ya kuma lafa da kansa, abu ne da aka saba. Ciwon da ya tsaya wuri guda, ko ya zo da kumburi, ko ya sa ɗingishi, shi ne ke buƙatar a dakata.

Kafin a ɗaura takalmi

Jim Fixx, marubucin nan na Amurka, ya fara gudu a 1967 yana ɗan shekara 35, nauyinsa kusan kilo 97, yana zuƙe kwalin taba biyu a rana. Ya rame, ya bar taba, kuma littafinsa kan gudu da ya fito a 1977 ya ja mutane masu yawa zuwa sassarfa. A watan Yulin 1984 ya faɗi ya mutu yana cikin gudu, yana da shekara 52. Binciken gawarsa ya nuna jijiyoyin da ke kai jini ga zuciyarsa sun toshe ƙwarai. Mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana ɗan shekara 43. Masu gudun motsa jiki sukan kafa hujja da mutuwarsa, amma abin da ta nuna shi ne gudu ba ya goge cutar da aka gada ko wadda ta riga ta zauna.

Saboda haka mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya ko na ƙoda, ko sikila, da wanda wani na jininsa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ya kamata ya ga likita tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma awonsa bai wuce minti biyu ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya san cewa motsa jiki na iya sauke sugansa ƙasa da ƙima, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa bayan kowace fita. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, duk dalilai ne na zuwa asibiti a ranar.

Abin da sikeli zai nuna

A nan ne gwiwar mutane da yawa ke yin sanyi. Gudu na ƙona kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Mai kilo 100 da ya yi kilomita uku ya ƙona kusan 300. Robar lemon kwalba mai rabin lita na ɗauke da kusan 210, shi kuwa kilo ɗaya na kitse ya kai kimanin 7,700. Wato fita uku a mako, idan abinci bai canza ba, sai ta ɗauki wata biyu kafin ta sauke kilo guda, kuma yunwar da ke biyo bayan gudu na iya mayar da shi. Harajin naira 10 kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemuka masu zaƙi bai kai ya sa kowa ya sake tunani a bakin shago ba.

Ribar gudu ta fi bayyana a inda sikeli ba ya gani. Wani bincike da ya bi mutum fiye da 55,000 a Amurka tsawon shekara 15, wanda ya fito a 2014, ya nuna cewa haɗarin mutuwa ta dalilin ciwon zuciya ya yi ƙasa da kashi 45 cikin 100 ga masu gudu idan an kwatanta da marasa yi, kuma har masu yin minti biyar zuwa goma a rana sun amfana.

Zafi, ƙura da wurin takawa

An tsara Couch to 5K ne a ƙasashe masu sanyi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, kuma jiki mai kitse ya fi jinkirin fitar da zafi. Bayan sallar asuba ne lokaci mafi aminci. Jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Ɗaura leda a ciki ko sa rigar sanyi don a yi gumi ba ya narka kitse, ruwan jiki kawai yake zubarwa, kuma yana iya kai mutum ga suma. A ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya fi kyau ya haƙura. Da azumi kuma a mayar da fitar bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, a rage tsawonta.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas na gwanjo ya isa, muddin tafinsa bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma akwai sararin faɗin babban yatsa a gaba. Man shafawa mai kauri a tsakanin cinyoyi na hana saɓewa.

Wurin gudun ne ya fi wuyar samu. Unguwanni da yawa ba su da gefen titi na masu ƙafa, inda aka yi shi kuma 'yan tireda da motoci sun mamaye, sai mai sassarfa ya raba kwalta da adaidaita sahu cikin duhun asuba. Mazauna Kaduna na da Dandalin Murtala, na Abuja na da bakin tafkin Jabi, amma irin waɗannan wurare kaɗan ne, kuma filayen unguwa da dama sun koma filoti da shaguna. Mata sun fi shan wahalar wannan ƙaranci, domin ga rashin wuri ga idon jama'a. Shi ya sa wasu ke haɗuwa rukuni-rukuni, ko su nemi izinin zagaya harabar makaranta kafin ɗalibai su iso. Wanda ba shi da zaɓi sai titi, ya yi gudu yana fuskantar motocin da ke tahowa, ya sa tufafi masu haske, ya kuma bar kunne ɗaya a buɗe idan yana sauraron manhajar da ke ƙirga masa mintoci.